Na Dauri da Maimai: Yadda Kamfanin Fender Ya Koma Kwaikwayon Kansa

A farkon shekarun 1980, wasu manyan ma'aikatan kamfanin Fender na Amurka suka shiga wani aiki mai ban mamaki. Sukan je shagunan dillalan tsoffin kayan kiɗa, su ɗauki jitocin da kamfaninsu ya ƙera shekara 20 da suka wuce, su auna su, su ɗauki hotunansu, wasu ma su saya da kuɗin kamfani su kai masana'anta a kwance su. Abin da ya kai su ga haka shi ne kasuwa ta riga ta yanke hukunci cewa Fender na da ya fi na yanzu, kuma a cikin kamfanin an yi nisa da tsohon fasalin har sai an koma an tambayi kayan da kansu. Daga wannan aiki aka samu abin da za a kira maimai a nan, wato sabuwar jita da kamfani ya sake ƙerawa bisa fasalin wata tsohuwar shekara. Tun daga lokacin ake gardama a tsakanin makaɗa da dillalai: shin tsohuwar ta fi maimanta inganci, ko kuwa tsada kawai ta fi ta?

Jitar da ta fi dacewa a bi wannan gardama da ita ita ce bes, mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, wadda ke riƙe da ƙasan kiɗa tare da ganga. Duk wanda ya taɓa sauraron Bob Marley ya san muryarta ko da bai san sunanta ba, domin amon nan mai nauyi da ke dukan ƙirji daga hannun Aston Barrett yake fitowa, kuma Jazz Bass ta Fender ce ya fi shahara da ita.

Kafin 1951, mai kaɗa bes a ƙungiyoyin kiɗan Amurka yana fama ne da wani ƙaton goge na katako da ake tsayarwa a ƙasa, wanda tsawonsa ya kai na mutum. Ɗaukarsa wahala ne, kuma da zarar ganguna da ƙahonni sun tashi sai muryarsa ta nutse. Wani mai suna Paul Tutmarc ya gwada bes mai lantarki a birnin Siyatil tun a shekarun 1930, amma ba ta karɓu ba. Wanda ya ci nasara shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, mutumin da bai iya kaɗa jita ba. A ƙarshen 1951 ya fitar da Precision Bass a kan farashin da bai cika dala 200 ba. Ya gitta ƙananan ƙarafa a wuyanta kamar na jita, domin yatsa ya riƙa sauka daidai kan muryar da ake so, kuma daga nan sunan ya samo asali. A 1957 ya sake mata maɗaukin sauti da fasalin kai, ta zama yadda aka san ta har yau. A 1960 ya ƙaro ƙanwarta, Jazz Bass, mai siririn wuya da maɗaukan sauti biyu.

Yadda Leo ya tsara waɗannan jitoci shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Tunanin mai gyaran rediyo ne da shi: abin da zai lalace, a yi shi yadda za a iya cire shi a sa wani. Gangar jikin falankin katako ne da aka yanka da inji. Wuyan daban ake yin sa, a ɗaure shi da noti huɗu. Maɓallan sarrafa sautin suna kan faranti guda. Launukan musamman ma fentin motoci ne na kamfanin DuPont, kuma mai so yakan ƙara kashi 5 cikin 100 a kan farashi. Ba aikin gwanin masassaƙi ɗaya ba ne da ke zaune shi kaɗai da sirrinsa. Kayan masana'anta ne da aka tsara domin a yi dubbai iri ɗaya, kuma kayan da aka tsara haka ba su da wuyar sake yi.

A watan Janairun 1965 Leo, wanda rashin lafiya ya dame shi a lokacin, ya sayar da kamfanin ga CBS, babban kamfanin watsa labarai, a kan dala miliyan 13. Wannan wata shi ne iyakar da 'yan kasuwar tsoffin jitoci suka shata: duk abin da aka yi kafinsa na zamanin Leo ne, abin da ya biyo baya na zamanin CBS ne, kuma farashi yakan faɗi da zarar an tsallaka. A gaskiya sauyin bai zo dare ɗaya ba. Ma'aikatan su ne dai na jiya, injinan ma haka, kuma an ci gaba da amfani da ragowar kayan da aka tarar. A hankali ne matsin yawaita kaya ya fara nunawa. Wajen 1968 aka koma wani fenti mai kauri irin na roba wanda ke saurin bushewa. A shekarun 1970 aka riƙa samun gangar jiki mai nauyin da ke gajiyar da kafaɗa, da ramin wuya da aka yanka da faɗi har wuyan yana motsi. A tsakiyar shekarun aka mayar da wuyan Jazz Bass kan noti uku. Ba duka ne suka lalace ba, amma mai saye ya daina tabbatar da abin da zai tarar a cikin akwati.

Makaɗa suka fara neman na hannu. Da farko dalilin na aiki ne zalla: tsohuwar ta fi daɗin riƙo, ta fi sauƙin nauyi, kuma a lokacin ta fi sabuwa araha a shagunan jingina. Da masu nema suka yawaita sai dillalai suka taso, farashi ya hau, abin da ake kira gwanjo jiya ya sami sabon suna mai daraja. Raunin sabbin kaya ne ya haifi kasuwar na dauri, kuma wannan ya kamata a riƙe, domin hukuncin da aka yanke a 1975 an yanke shi ne tsakanin jitar 1962 da jitar 1975. Ba a yanke shi tsakanin jitar 1962 da wadda ake yi yau ba, ko da yake har yanzu ana maimaita shi kamar jiya aka yi.

Waɗanda suka fara fahimtar abin da kasuwa ke so ba Amurkawa ba ne. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin Japan irin su Tokai da Greco suna fitar da kwaikwayon Fender na zamanin Leo, da kulawar da ta kai ga ƙananan noti da launin faranti, a farashi mai sauƙi. Ana cikin haka CBS ya ɗauko sababbin shugabanni daga reshen Yamaha na Amurka a 1981, cikinsu har da William Schultz da Dan Smith. Suka ga cewa shari'a da gargaɗi ba za su kashe wannan wuta ba. A watan Maris na 1982 aka kafa Fender Japan tare da kamfanonin Kanda Shokai da Yamano, aka ba masana'antar FujiGen aikin ƙira, wato ita dai masana'antar da ke yin Greco. Mai kwaikwayo ya zama ɗan gida. A shekarar ce kuma Fullerton ta fitar da nata maimai na farko, cikinsu da Precision ta 1957 da ta 1962 da Jazz Bass ta 1962. Ma'aikatan Amurka da suka ga samfurin farko daga Japan sun shaida daga baya cewa ingancinsa ya girgiza su.

A 1985 CBS ya sayar da Fender ga Schultz da abokansa a kan dala miliyan 12.5, ƙasa da abin da ya saya shekara 20 baya, kuma cinikin bai haɗa da masana'antar Fullerton ba. Na wani lokaci mafi yawan jitocin da ke ɗauke da sunan Fender daga Japan suke zuwa, kafin a kafa sabuwar masana'anta a garin Korona, inda maimai na cikin abubuwan farko da aka fara ƙerawa. Kwaikwayon kai ne ya riƙe kamfanin a lokacin da ba shi da rufin kansa.

To, idan aka ajiye Precision ta 1962 kusa da maimanta na yau, ina bambancin yake?

Na farko da ake ambata shi ne katako. Allon da yatsu ke taka a wuyan tsohuwar an yi shi ne da wani baƙin katako na Brazil, wanda yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992, don haka maimai na amfani da danginsa na Indiya. Wannan bambanci ne na gaske, ana ganinsa da ido. Ko ana jin sa da kunne, wannan wata magana ce, domin maɗaukin sautin bes ba ya jin katako kai tsaye. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, yana karanta rawar tsirkiyar ƙarfe. Katako na da tasiri a kan yadda tsirkiyar ke rawa da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta yi shiru, amma tasirin bai kai na tsirkiyar kanta ba, ko wurin da aka dasa maɗaukin, ko yatsan mai kaɗawa. Masu cewa katakon da ya shekara 60 ya bushe ya zauna suna da hujja ta fuskar kwanciyar wuya: wanda bai karkace ba a tsawon wannan lokaci da wuya ya karkace gobe. Sai dai akwai waɗanda suka karkace, kuma su ba a kawo su baje koli.

Nan ne wata matsala ta lissafi ke shigowa. Tsoffin jitocin da ake yabo su ne waɗanda suka tsira. Marasa kyau an sake musu wuya, ko an yi musu fenti, ko an kwance su an sayar da sassan, ko suna ƙarƙashin gado. Haka abin yake ga tsohon keken ɗinki na Singer da ake cewa ba ya mutuwa: wanda ya mutu ba ya shagon tela balle a gan shi. Kuma tun asali jitocin zamanin Leo ba su zama iri ɗaya ba. Da hannu ake goge wuya, da hannu ake jan waya yayin naɗin maɗauki, don haka yawan naɗi ya bambanta daga wannan zuwa wancan. Wata ma'aikaciya, Abigail Ybarra, ta shiga kamfanin a 1956 ta yi wannan aiki har ta yi ritaya a 2013, kuma maɗaukan da ke ɗauke da sa hannunta na da nasu farashin. Jita biyu da aka gama a mako ɗaya na 1962 kan iya bambanta da juna fiye da yadda ɗayarsu ta bambanta da maimai. Injinan yau masu aiki da kwamfuta na yanka ramin wuya daidai wa daida, abin da masana'antar Fullerton ba ta iya yi kullum. Idan inganci na nufin mai saye ya san abin da zai samu, maimai ya yi gaba. Idan yana nufin a dace da guda ɗaya da ta fita daban, wadda hannu ya lallashe wuyanta shekara da shekaru har ya yi santsi, wannan sai a tsohuwa, kuma sai an taɓa da yawa kafin a same ta.

Akwai kuma ruɗanin da faifai ke jawowa. Mutum ya ji amon James Jamerson a waƙoƙin Motown, ya ji an ce Precision ta 1962 ce, sai ya ɗauka sirrin na cikin shekarar. Jamerson na amfani da tsirkiyoyi masu sulɓi da kauri waɗanda ba ya canzawa sai sun tsinke, da soso a ƙarƙashin murfin gindin tsirkiya mai rage amo, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa. Tsirkiyoyi masu kaushi da ƙara, waɗanda suka zama ruwan dare yanzu, sai a 1966 kamfanin Rotosound na Ingila ya yaɗa su. Wanda ya ɗaura irin tsirkiyar Jamerson a kan maimai ya fi kusa da wancan amo fiye da wanda ya ɗaura sabuwar tsirkiya mai ƙara a kan tsohuwar jita ta gaske. Sauran kuma yatsa ne, shi kuwa ba a sayar da shi.

Duniyar gogen Turawa ta riga ta gwada irin wannan da'awa. A 2012, a birnin Faris, masu bincike ƙarƙashin Claudia Fritz da maƙerin goge Joseph Curtin suka ba manyan makaɗa 10 goge 12, shida tsoffin Italiya ciki har da na Stradivari, shida sababbi, makaɗan na sanye da tabarau masu duhu. Shida daga cikin goman suka zaɓi sabo, kuma ba su iya rarrabe tsoho da sabo fiye da yadda canki zai bayar ba. Goge dai akwatin katako ne zalla, babu waya babu maganaɗisu. Idan kunne ya kasa a can, da wuya ya yi nasara a kan falankin da aka ɗaure da noti.

Duk da haka farashi bai saurari wannan ba. Maimai na Amurka yana kan dala 2,000 da ɗoriya, na Meziko da Japan ƙasa da haka. Jazz Bass ta farkon shekarun 1960 da ba a taɓa komai a jikinta ba takan haura dala 20,000, idan mai launin musamman ce ta wuce nan nesa. Abin da ake biya shi ne asali da ƙaranci. Shekara 13 da 'yan watanni kawai Leo ya yi yana fitar da bes kafin ya sayar da kamfanin, kuma adadin ba zai ƙaru ba. Ƙa'idojin wannan kasuwa na masu tara kayan tarihi ne, har sukan yi karo da bukatar makaɗi. Jitar da aka sake wa fenti takan rasa kusan rabin darajarta, ko da sabon fentin ya fi tsohon kyau. Canza ƙarafan wuya da suka cinye, ko maɓallin ƙara da ya fara ƙarar tsatsa, gyara ne da kowane makaɗi ke bukata, amma kowanne na rage kuɗi. Mai irin wannan jita yakan wayi gari yana tsoron kai ta wurin wasa.

Saukin kwancewar da Leo ya tsara ya zama ƙofar algus. Wuyan 1963 kan hau gangar jikin 1978, a tsufar da faranti da gangan, a buga lambar bogi. Shi ya sa dillalan ƙwarai ke cire wuya su duba kwanan watan da aka rubuta ko aka buga a gindinsa, su karanta lambobin da ke bayan maɓallan ƙara masu nuna masana'anta da shekara da mako, su haska fenti da fitila ta musamman, su duba ko dalmar da ke kan wayoyi ta asali ce. Wanda ya sayi tsohuwa daga nesa ba tare da wannan bincike ba ya sayi labari ne. Mai sayen maimai ba shi da wannan fargaba, sai dai ya san cewa ranar da ya fita da ita daga shago darajarta ta ragu, kamar sabuwar mota.

Manyan gwanjo sun nuna inda kuɗin yake a fili. A 2020 aka sayar da Fender Mustang ta 1969 ta Bill Wyman na ƙungiyar Rolling Stones a kan dala 384,000, alhali ƙaramar bes ce ta masu koyo, kuma ta zamanin CBS. A ƙarshen 2021 wata Yamaha BB-1200 ta Paul McCartney ta kai dala 496,100. Babu ɗaya a cikinsu da ta fito daga zamanin da ake kira na zinariya. Bes ɗin Jaco Pastorius kuwa, Jazz Bass ta 1962 da ake ganin ta sauya yadda ake kaɗa wannan jita, bisa ma'aunin dillalai ɓatacciya ce: an cire mata ƙarafan wuya, an shafe allon da gam ɗin jiragen ruwa, daga baya ta farfashe aka harhaɗa ta. An sace ta a birnin New York a 1986, ta sake bayyana bayan kimanin shekara 20, kuma Robert Trujillo na ƙungiyar Metallica ne ya sa kuɗinsa aka warware rikicin mallakarta. Ta Jamerson an sace ta gab da rasuwarsa a 1983, har yau ba a gan ta ba.

Fender ya lura cewa wani ɓangare na abin da mutane ke so a tsohuwa shi ne tsufan kansa. A 1995 sashensa na ƙira ta musamman ya fito da jerin Relic: sababbin jitoci da aka kankare wa fenti, aka sa wa ƙarfe tsatsa, aka dusashe wa wuya kamar an shekara 30 ana kaɗa su a gidajen rawa. Da yawa sun yi dariya, suna cewa wa zai biya ƙarin kuɗi a lalata masa sabon abu. Kasuwa ta karɓa hannu bibbiyu, kuma ba don ado kaɗai ba, domin wuyan da aka rage wa fenti ya fi daɗin zamewa a tafin hannu mai gumi. Wasu mashahuran makaɗa ma sukan bar ta gasken a gida su hau dandali da kwafinta.

Shi Leo bai waiwaya ba. Bayan wa'adin da ya ɗauka na kauce wa gasa da CBS ya cika, ya fito da StingRay a kamfanin Music Man a 1976, bes mai batir a ciki da ke ƙarfafa sauti, sannan ya kafa G&L tare da George Fullerton, yana ta gwada sababbin maɗauka har rasuwarsa a 1991. A ganinsa na baya-bayan nan ne suka fi.

Iyakar da aka shata a 1965 ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Jazz Bass ta shekarun 1970, wadda aka guje ta har aka ƙirƙiro kasuwar na dauri, ta sami masoya bayan Marcus Miller ya yi suna da tasa ta 1977. Matsar da maɗaukin baya kusa da gindin tsirkiya da aka yi a farkon shekarun, wanda ba wanda ya yaba a lokacin, shi ne ke ba ta kaifin da masu dukan tsirkiya da babban yatsa ke nema, kuma yanzu ana yin maimanta. Maimai na farko da Fullerton ta yi tsakanin 1982 da 1984, da na Japan masu lambar da ta fara da JV, sun haura shekara 40, dillalai na sayar da su a matsayin na dauri, ana duba kwanan watan gindin wuyansu kamar yadda ake duba na 1962. A 2022, da Fender ya fitar da sabon jerin maimansa mai suna American Vintage II, bes uku ya zaɓa: Precision ta 1954, Precision ta 1960, da Jazz Bass ta 1966, shekara guda bayan CBS ya karɓi makullan masana'antar.